Shagon babura a Fagge, inda kunne ya fi ido aiki

Tun daga bakin titi, kafin mutum ya hango allon shagon, ƙarar wurin ce take fara yi masa maraba. Shagon yana cikin jerin masu sayar da babura a yankin Fagge da ke Kano, kuma ba zan ambaci sunansa ba, domin ba talla aka ba ni ba, sannan cikin abin da zan faɗa akwai wanda ba yabo ba ne. Na je wurin sau huɗu a cikin wata biyu. Zuwan farko na duba kaya ne kawai, na biyu na sayi ƙaramin babur irin wanda muke kira roba-roba, na uku na mayar da shi saboda wata matsala, na huɗu kuma na kai tsohuwar Besfar mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, wadda ta daɗe a jingine a zaure.

Dalilin da ya kai ni shi ne dalilin da ya kai mafi yawan waɗanda na tarar a kan bencin jira. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, sannan ta ci gaba da hawa, ma'aikata da yawa suka rufe motocinsu da tamfol suka koma neman abin hawan da lita biyu za ta yi masa kwanaki. Tun da kuma gwamnatin jihar ta hana ɗaukar fasinja a kan babur a Janairun 2013, masu shiga irin wannan shago ba 'yan acaɓa ba ne kamar da. Malaman makaranta ne, da 'yan kasuwa, da ɗalibai, da masu kai saƙon kaya gida-gida, kowa yana neman na hawan kansa.

Shagon kashi biyu ne. A gaba akwai ɗakin baje kaya mai daɓen tayil, inda aka jera babura kafaɗa da kafaɗa, kujerunsu a cikin leda, ƙamshin sabuwar taya ya cika wurin. Akwai Lifan da Jincheng da Haojue na Sin, akwai Bajaj da TVS na Indiya, a can kusurwa kuma an ajiye 'yan ƙanana masu bel waɗanda ba a sauya musu giya, da guda biyu masu aiki da lantarki. Wani yaro aikinsa ke nan tun safe, yana bi da tsumma yana goge ƙurar hunturu, kafin ya kai na ƙarshe na farko ya sake yin fari. A baya kuma akwai garejin, rumfar kwano ce mai faɗi wadda ƙasarta ta yi baƙi ƙirin saboda baƙin man shekara da shekaru. Tsakanin ɓangarorin biyu akwai ƙofa, amma ban taɓa ganin ta a rufe ba, saboda haka duk abin da ake yi a baya yana cikin kunnen wanda yake ciniki a gaba.

A zuwana na farko na ɗauka hayaniya ce kawai marar kai da gindi. Sai da na zauna na kusan awa guda na fara rarrabe ta. A can ƙasa akwai gurnanin janareta wanda ba ya tsayawa, har mutum ya manta da shi. A kansa akwai injin iskar mai faci, wanda yakan tashi da kansa ya yi ta bugawa na ɗan lokaci sannan ya yi tsit ba sallama. Daga nan sai ƙarar ƙarfe da ƙarfe: sifana ta faɗi a daɓe, guduma tana bin gammon taya da ya lanƙwashe, ana ɓalle katakon akwatin da sababbin babura suke zuwa a ciki, domin a wargaje suke isowa, a nan ake ɗaura musu tayar gaba da kai da madubai. Rediyo yana rataye a jikin ginshiƙi yana ta magana ba mai sauraron sa sai lokacin labarai. Duk wanda aka haɗa wa sabon babur kuma sai ya danna hon sau uku ko huɗu, kamar dai ba a yarda an sayi babur ba sai ya yi kuka. A saman wannan duka muryoyin mutane suke, kowa yana ɗaga tasa don ta haye ta injin da ke kusa da shi.

Abin da ya sa na ga wurin ya cancanci a yi rubutu a kansa shi ne dattijon da yake shugabantar garejin, wanda yaransa da masu kawo gyara duk suke kira Baba. A cikin wannan hargowa da ni ba na jin maganar wanda yake gefena, shi yana jin injin da ba shi da lafiya daga nesa. Na ga wani matashi ya shigo da babur yana bayanin cewa kafiretarsa ce ta toshe, yana so a wanke ta. Baba bai ce masa komai ba. Ya sa aka tayar da injin, ya ɗauki doguwar sukudireba ya ɗora bakinta a kan injin, ya manna ƙotarta a kunnensa, ya lumshe ido. Ya matsar da ita ƙasa kaɗan, ya sake saurarawa, ya ɗaga yatsa aka ƙara totur, ya sauke aka rage. Sannan ya miƙe ya ce, “Yaro, kafiretarka lafiyarta ƙalau. Bawul ne ya saki, shi ne yake wannan ƙyas-ƙyas ɗin. Ka bar kuɗinka a aljihu.” Aka jira injin ya huce, aka buɗe murfin, aka daidaita tazarar, cikin ɗan lokaci ƙarar ta ɓace. Gyaran da ya yi bai kai wanda matashin ya zo da niyyar biya tsada ba, kuma ba kowane bakanike ne zai bar kuɗi ya wuce shi haka ba.

Irin wannan na gani da filogi. Yakan cire shi ya ɗaga shi wajen haske ya nuna wa mai babur bakinsa. Idan ya yi ruwan ƙasa kamar toyayyar gyaɗa, injin yana cin mai da iska daidai. Idan ya yi baƙi da busasshen kunkunniya, mai ya yi yawa ko matatar iska ta cika da ƙura, abin da ba ya wuya a Kano daga Disamba zuwa Fabrairu. Idan kuma ya jiƙe da baƙin mai, to zoben fistin ya fara gajiya, sai a shirya kashe kuɗi. Yana yin wannan bayani ne da ƙarfi yadda yaran za su ji, don haka kowane gyara darasi ne a wurinsu.

Ranar da na kai Besfa ita ce ranar da na fi jin daɗin wurin. A bayan A Daidaita Sahu aka ɗauko ta, taya a sace, kujera ta tsage. Da aka sauke ta sai Baba ya bar abin da yake yi ya zo ya zagaye ta, ya shafa gefen da tayar safiya take ɓoye, ya ce, “Malam, wannan ai ta manya ce. A ina ka samo ta?” Yaran suka taru suna kallo, domin wasunsu ba su taɓa taɓa irinta ba. Ya nuna musu cewa injinta a gefen dama yake, manne da tayar baya, babu sarƙa a waje, ana sauya giya ne da murɗa hannun hagu, birkin baya kuma a ƙasa yake ana taka shi. Kamfanin Piaggio na Italiya ne ya fara ƙera ta a 1946, kuma sunan Vespa a harshensu yana nufin zanzaro, wanda duk mai kallon siririn ƙugunta da faɗin bayanta zai ga dalili. A ƙasar Hausa ta zama abin hawan malamai da manyan ma'aikata, saboda mai babbar riga yana iya zama a kanta ƙafafunsa a haɗe, garkuwar gaba tana kare masa tufafi daga taɓo da mai.

Sai da aka zubar da tsohon man tankin, aka wanke kafireta, aka sa sabon filogi, aka gauraya fetur da ɗan man inji kamar yadda irin waɗannan injuna suke buƙata. Kiki na farko shiru, na biyu shiru, na biyar ta yi tari, na shida ta kama. Ƙararta daban take da ta duk abin da ke cikin garejin: siririya ce mai kaɗawa, tana tafe tana tsalle, ga shuɗin hayaƙi mai ƙamshin da na sani tun ina yaro. Dalilin bambancin shi ne injinta yana kunna wuta a kowane juyi ɗaya, alhali na roba-roba sai ya yi juyi biyu, shi ya sa nasu yake fita a natse, nata kuma kamar kiɗan kalangu. Na tsaya ina jin ta, sai ga ni a ƙofar gidanmu da yamma muna rige-rigen buɗe wa mahaifinmu ƙyaure tun kafin ya shawo kwana. Wani dattijo da yake jiran a sauya masa birki ya taso daga benci ya zo ya tsaya kusa da ni, bai ce komai ba har aka kashe ta.

Ɓangaren ciniki bai kai garejin gamsar da ni ba. Ba a rubuta farashi a jikin kowane babur ba, kuma abin da aka faɗa mini a zuwan farko ya ƙaru a zuwa na biyu, aka ce dala ce ta motsa. Wannan ba laifin shagon nan kaɗai ba ne, amma yin ciniki a cikin irin wannan ƙara yana da wahala ta musamman, domin sau biyu ina jin wani adadi daban da wanda mai shagon ya faɗa, har sai da ya danna shi a waya ya nuna mini. Abin yabo a nan shi ne rasit. An rubuta lambar inji da ta jikin babur, aka sa ni na duƙa na karanta su da kaina na gwada da abin da ke takarda, wanda yake da muhimmanci a garin da satar babur ba baƙon abu ba ce, kuma za a nemi waɗannan lambobi wajen yin rajista. Hular kwano kuwa ba wanda ya yi mini maganarta, sai da na tambaya aka laluɓo guda daga bayan kanta.

Matsalar da ta mayar da ni ita ma kunne ne ya gano ta. Kwana uku da sayen babur ɗin na fara jin wani kas-kas daga gaba duk lokacin da na shiga rami. Da na koma sai aka tarar ba a ɗaure notin da ke riƙe da kan babur ɗin yadda ya kamata ba, madubin hagu ma yana lilo. Ɗaya daga cikin yaran ne ya haɗa shi ranar da aka yi cunkoso, Baba kuma bai duba ba. An gyara ba a karɓi ko kwabo ba, an kuma ba ni haƙuri, yaron ya sha faɗa a gabana har na ji tausayinsa. Duk da haka sakaci ne da zai iya kai mutum asibiti, kuma a ganina bai kamata sabon babur ya bar wurin ba sai babba ya bi kowane noti da sifanarsa. Na jira fiye da awa biyu kafin a zo kaina, a kan bencin da yake daidai inda salansar baburan da ake gwadawa take fesa hayaƙi. Mai ciwon asma ko wanda ya zo da ƙaramin yaro gara ya tsaya a waje.

Sau ɗaya ne kawai a yini wurin yake yin shiru. Da an kira sallar azahar sai a kashe janareta, a ajiye sifanu, yaran su wanke hannu da fetur da garin sabulu kafin su ɗauki buta. A wannan ɗan lokaci ne na fara jin ƙas-ƙas ɗin kwanon rumfar saboda zafin rana, da ƙyas-ƙyas ɗin injunan da suke hucewa, da muryar mai sayar da rake a bakin titi. A daidai lokacin ne kuma, bayan an idar, yaron shagon ya fito da ɗaya daga cikin masu lantarkin don wani ya gwada. Ya murɗa makulli, fitila ta kama, ba a ji komai ba, har mai sayen ya tambaya ko ta tashi. Ta zagaya filin tana wani siririn zuu kamar sauro. Baba ya bi ta da kallo hannunsa a ƙugu, ya ce shi dai abin da ba ya magana bai san ta inda zai tambaye shi ciwonsa ba. Gyaran irinsu ba a wurinsa ake yi ba, wani matashi ne yake zuwa da na'urar awon wuta idan an kira shi.

Wanda yake son sayen babur a nan gara ya zo da sassafe, kafin ƙarfe tara, lokacin da za a iya jin magana a kuma ji injin da za a saya shi kaɗai. Ya nemi a tayar da shi da kiki sannan da makunnin batir, ya bar shi yana aiki ba tare da totur ba na 'yan mintuna, ya kuma roƙi Baba da kansa ya bi notuna kafin ya fita da shi. Ranar Asabar da yamma ba lokacin zuwa ba ce ga wanda yake da wani uzuri a gabansa. Nawa babur ɗin an sauya masa baƙin mai bayan kilomita 500 na farko kamar yadda aka umarce ni, kuma tun daga gyaran nan ban sake jin wata baƙuwar ƙara a jikinsa ba. Besfar tana can har yanzu a kusurwar rumfa an lulluɓe ta da buhu, ana jiran a samo mata wayar kulochi da sababbin tayoyi, kuma Baba ya hana yaran taɓa ta idan ba ya nan.