Ciyawar ado a Damagaram: wacce za ka saya?

Jama'a kafin ka ba mai fulawa kuɗinka, fara lissafin ruwa tukuna. Ruwan saman da muke samu a shekara bai wuce milimita 400 da ɗoriya ba, watanni uku ne damina ta tafi, sauran shekara kuwa sai famfo in ya zo ko mai garuwa, to ciyawar da za ta sha ruwa safe da yamma har watan Mayu ba taka ba ce sai in kana da rijiya a gida.

Pampas, doguwar ciyawar nan mai kai kamar gashin tsuntsu da mata ke gani a hotunan biki, tana da kyau wallahi, amma asalinta Kudancin Amurka ne, tana son ƙasa mai danshi, kuma bakin ganyenta yana yanka hannu, gidan da ke da yara ban ba da shawara ba. In don kwalliyar falo ce ko wurin zaman amarya, sayi busasshiya kawai ki huta.

Ni dai kyasuwa nake so, tamu ta daji da ake ba dabbobi. Kanta mai laushi ne, ja-ja, a yanke ta da kaka wajen Oktoba kafin iri ya fara zuba, a ɗaure a rataye kai ƙasa cikin inuwa har ta bushe, sai a jera a tulu ko kwalba, wanda bai sani ba cewa zai yi daga waje aka kawo. Matsalarta shekara ɗaya take yi, kuma in ka bari iri ya zube za ta cika maka tsakar gida baɗi.

Gamba kuwa ta bakin katanga ce. Tana kai mita 2 har fiye, ba ta mutuwa da rani, bushewa take yi ta sake tsirowa da ruwan fari, daga baya ma ka samu na zana. Kar dai a dasa ta kusa da murhu.

Jema saiwarta ƙamshi, amma 'yar fadama ce, masu lambu irin na Mirya su ta fi dacewa da su. Sitaronel, ciyawar nan mai ƙamshin lemun tsami, tukunya ɗaya ta isa, a ajiye inda ake alwala tana shan ragowar ruwa, ga na shayi.

Wajen saye ka ce a ciro maka gindin ka gani, saiwa fara mai ƙarfi ita ce lafiyayya, in ta yi baƙi tana wari bar ta. Kuma ka jira Yuli kafin ka dasa, ka tanadi shinge saboda awaki.