Otal mai kyau a tsohon garin Jidda, amma sun saɓa mini alkawarin ɗakin ƙasa

Wannan otal yana cikin Balad, wato tsohon garin Jidda, kuma ɗaya ne daga cikin gidajen attajiran da, waɗanda aka gyara aka mayar da su masauki mai ɗakuna kaɗan. Ni mazaunin Madina ne, kuma na kama ɗaki a can saboda mahaifiyata da ta zo Umara daga Kano, domin ta huta kafin ranar tashinta, ta kuma ga wani abu na Jidda wanda ya wuce filin jirgi da kasuwa.

Ba zan tauye wa gidan hakkinsa ba, ya haɗu. An gina bangonsa da dutsen murjani na Bahar Maliya, ana gitta katako a tsakani, kamar sauran gidajen unguwar da hukumar UNESCO ta sa a jerin wuraren tarihi na duniya a 2014. Tagogin katako masu ƙananan ƙofofi da ake kira rawashin suna shigo da iska ba tare da na waje ya hango na ciki ba, kuma da hantsi haske yakan ratso ta cikinsu ya zana ado a kan shimfiɗa. Hajiya ta daɗe tana kallon rufin zauren, ta ce ya tuna mata jeren azara a sorayen cikin birnin Kano.

Matsalar ta fara ne tun a wurin karɓar baƙi. Hajiya tana fama da ciwon gwiwa, ga kuma gajiyar ɗawafi da sa'ayi a jikinta, shi ya sa na nemi ɗakin ƙasa tun lokacin da na biya kuɗi, suka kuma tabbatar mini da shi a rubuce. Mun taso daga Makka a jirgin ƙasa na Haramain, muka iso bayan sallar isha'i, sai ma'aikacin ya gaya mini, ba tare da wata damuwa a fuskarsa ba, cewa an ba wasu baƙi ɗakin, namu yana hawa na uku. Gidan ba shi da lif. Na san ba abu ne mai sauƙi ba a fasa ginin tarihi don a sa lif, kuma na san mutanen da sun fi son zama a sama saboda iskar teku. Har ana cewa matakalar Gidan Nasif, wani tsohon gida a unguwar inda Sarki Abdul'aziz na Saudiyya ya sauka a 1925, raƙumi yana iya hawanta da kaya saboda faɗinta. Ta wannan gida kuwa matsattsiya ce, kowane taki dogo, ga murɗiya, kuma a kanta aka ce tsohuwa ta hau da daddare. Ina riƙe da hannunta ina jin yadda yake rawa, ita kuwa ba ta ce komai ba sai ambaton Allah, kuma wannan shirun nata ya fi komai ƙona mini rai.

Wanda ya sanyaya mini zuciya wani matashi ne mai aikin dare. Da ya ji muna Hausa sai ya russuna ya ce, "Sannu Hajiya, ki bi a hankali, ba sauri muke yi ba." Ashe haifaffen Jidda ne, kakanninsa sun zo aikin Hajji a ƙafa ta Sudan, suka ƙetaro teku daga Sawakin. Ya ɗauko kujera yana hawa da ita a gabanmu, duk inda matakalar ta karya kwana sai ya ajiye mata ta zauna ta numfasa, bayan mun isa kuma ya kawo ruwan zafi da tawul don a gasa mata gwiwa. Da safe shi ya hawo da ful, wato dafaffen wake, da burodin tamis da shayi har ɗaki, kuma shi ya tsaya tsayin daka sai da aka mayar da mu ƙasa. Hajiya ta yi ta sa masa albarka tana cewa, "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan." A lokacin har na yi niyyar yafe musu komai.

Sai ranar tafiya na ga an ƙara mini kuɗi a takardar biya, wai ɗakin ƙasa ya fi na sama girma, alhali shi ne ɗakin da na biya tun farko. Nan ɓacin raina ya dawo sabo, domin na tuna cewa gwiwar Hajiya ta kumbura saboda hawan nan, har ta kasa zuwa Masallacin Shafi'i da ke kusa, wanda ta ci burin yin salla a cikinsa. Na nuna wa manajan saƙonsu a wayata kafin ya yarda ya cire ƙarin, kuma bai ba ta haƙuri ko da kalma ɗaya ba. Mai ƙarfin ƙafa zai ji daɗin wurin, amma ni ba zan sake kai dattijo can ba, sai in an nuna mini mabuɗin ɗakin ƙasa kafin a sauke kaya daga mota.