Ambaliya ko zafi: wanne ya fi kashe sabis?

Malam, ka tambaya tsakanin ambaliya da tsananin zafi, da sauyin yanayi ke ƙara wa ƙarfi, wanne ya fi illa ga turakun sadarwa. Kafin in amsa, dubi gindin turken, don raunin a nan yake. Dogon ƙarfen nan sai guguwa mai ƙarfin gaske ke kayar da shi. Amma cikin shingen da ke ƙasa akwai janareto, tankin dizal, batura da akwatin na'urori. A Najeriya, inda wutar NEPA ba abar dogaro ba ce, akasarin turakun da dizal suke rayuwa, ko na kamfanin wayar ne, ko na masu ba da haya irin su IHS.

Ambaliya ba ta sallama. Ruwa ya shiga akwatin na'urori, janareto ya nutse, shi ke nan unguwa ta yi shiru. Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne, ko turken yana kan tudu ruwa bai taɓa shi ba, zai iya mutuwa, domin motar da ke kawo masa dizal ba ta da hanya. Ka tuna 2022, lokacin da ruwa ya shanye hanya a Lokoja, tankoki suka yi cirko-cirko, har Abuja ta shiga wahalar mai. Turken da ke ƙauye a bayan karyayyar gada, batirinsa zai riƙe shi na wasu sa'o'i ne kawai. Ga kuma wayar faiba, mai ɗauke da saƙonnin kira da intanet, da ake binnewa a gefen titi: ruwan da ya tafi da kwalbati ya tafi da ita, kuma yankewa ɗaya kan kashe turaku da dama da ke shan nono daga gare ta.

Mafi munin abin shi ne lokacin. A Satumbar 2024 da madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya ci unguwar Gwange a Maiduguri, ya shiga Kasuwar Monday da fadar Shehun Borno. A irin wannan dare waya ce hanyar neman 'ya'ya da kiran masu ceto. Daidai lokacin da kowa ke danna kira, a lokacin ne turakun ke cikin haɗari. A waje an ga ƙarshen abin: guguwar Maria ta 2017 ta kashe kusan kashi 95 cikin ɗari na turakun tsibirin Puerto Rico, guguwar Idai kuma ta yanke birnin Beira na Mozambik daga duniya na kwanaki a 2019. Su can iska ce da ruwa suka haɗu.

Zafi kuwa ba ya shiga labarai. Cinsa irin na gara ne. Batirin dalma, wanda aka daɗe ana sa wa turaku, an ƙera shi ne don yanayi mai kamar digiri 25, kuma masu sana'ar sun san cewa duk ƙarin digiri 10 a kan haka yakan rage tsawon ransa da kusan rabi. To ka ɗora wannan a kan bazararmu, inda digiri 40 ba labari ba ne a Sakkwato ko Maiduguri, inda garin Kayes na Mali ya kai 48.5 a Afrilun 2024. Na'urori su ɗau zafi, na'urar sanyaya ta yi ta aiki ba hutu, janareto ya ƙara shan mai. Ko sola da ake ganin ita ce mafita, farantinta yana rage ba da wuta idan ya yi zafi sosai, ƙurar hunturu kuma ta lulluɓe shi. Kai dai abin da za ka gani shi ne sabis yana ɗaukewa yana dawowa, ka yi ta zagin kamfani.

Wani abu daban: ɗaukewar sabis lokacin da ake sheƙa ruwa ba lallai ɓarna ba ce. Fararen gangunan nan da ke maƙale a jikin turke suna aika wa juna saƙo ta iska, ruwa mai ƙarfi yana raunana shi, kamar yadda DStv ke yi idan hadari ya haɗu. Ruwa na tsayawa yake dawowa.

A ganina, idan maganar rai ake yi, ambaliya ce gaba, nesa ba kusa ba. Idan kuwa maganar kuɗi ce shekara da shekaru, a ƙasarmu ta Sahel ina zargin zafi ya fi cin aljihu, don kowace shekara sai ya zo, kuma kowane turke yake taɓawa, ba na bakin kogi kaɗai ba. Maganinsu ma ya bambanta. Na ambaliya a ɗaga janareto da akwati a kan dakali mai tsawo, a daina kafa turke a kwari. Na zafi a koma batirin litiyam da ya fi jurewa, sai dai shi kuma ɓarayi sun san darajarsa, dole a haɗa da maigadi.