Wata huɗu da ɗamarar auna bugun zuciya a atisayen dambe

Wata huɗu ke nan ina ɗaura na'urar auna bugun zuciya a ƙirjina lokacin atisaye, irin wadda ke aika wa waya da bayani ta Bluetooth, kuma wata matsala da ta daɗe tana damuna ce ta sa na saye ta. A damben da ake yi irin na gasar Olamfik turmi uku ne, kowane turmi minti uku, da hutun minti ɗaya a tsakani. Turmin farko nakan yi shi da ƙarfina, amma kafin a kai tsakiyar na biyu sai hannayena su fara sauka daga fuskata, ƙafafuna su yi nauyi, in koma jiran ƙararrawa maimakon neman abokin karawa. Na ɗauka ƙarancin gudu ne, na ƙara gudun safe har gwiwoyina suka fara ciwo, amma babu abin da ya sauya.

Na'urar ba ta da wuyar sha'ani. Ɗamara ce mai talewa, da wurare biyu a cikinta da ake jiƙawa da ruwa kafin a ɗaura, sai wani ɗan ƙaramin akwati da ake maƙalawa a gaba. Motsin lantarkin zuciya take karantawa kai tsaye, saɓanin agogon hannu da ke haska fata, wanda ma ba shi da mazauni a hannun da aka naɗe aka sa wa safar dambe.

Abin da ta nuna mini a makon farko ya girgiza ni. Idan na yi minti uku ina dukan buhu iya ƙarfina, bugun zuciyata yakan tsaya wajen 170 a minti, amma da na shiga gwaji da abokin atisaye, inda naushin da nake kaiwa bai kai rabin na buhu ba, sai ya haura 185 tun ba a yi minti biyu ba. Kocina ya ɗauki bidiyon gwajin, muka zauna muna kallonsa tare da jadawalin bugun da ke cikin manhajar wayar, sai muka ga cewa duk sanda abokina ya matso nakan riƙe numfashi, in ɗaga kafaɗuna har kusa da kunne, in dunƙule hannu gam a cikin safa ko da ba naushi zan kai ba. Washegari ya tsayar da ni a tsakiyar turmi, ya ɗora tafinsa a kafaɗata ya danna ta ƙasa, ya ce in saki jikina, in riƙa fitar da numfashi tare da kowane naushi. Ashe fargaba da ɗaurewar jiki ne ke cinye ƙarfina, kuma da ban ga lambar da idona ba, ba na jin zan yarda da hakan.

Lambar da na fi amfana da ita kuwa ita ce yawan saukar bugun a cikin hutun nan na minti ɗaya. Ƙarfin da tsoka ke ajiyewa don ruwan naushi mai zafi bai wuce na daƙiƙa goma ba, kuma mayar da shi aikin iskar da zuciya da huhu ke isarwa ne, saboda haka wanda zuciyarsa ke saurin lafawa shi ke fara turmi na gaba da sauran kuzari. Da farko bugun nawa bai fi sauka da ashirin ba. Muka sake tsarin mako: kwana biyu na gudu a hankali na minti 40, ina riƙe bugun tsakanin 130 da 150, wanda ya fi gudun da na saba sanyi sosai, da kwana ɗaya na aiki mai zafi a kan buhu. A wata na uku saukar ta wuce talatin, kuma na ji bambancin a ƙafafuna.

Wannan ya sauya mini dabarar faɗa ita kanta. Yanzu turmin farko na auna tazara ne da hannun gaba da kuma karantar abokin karawa, sai in shiga da naushi uku ko huɗu in fice ta gefe, in adana matsin lamba zuwa daƙiƙa talatin na ƙarshe. Na kuma koyi lura da bakin abokina, domin da zarar ya fara buɗe shi yana haki, na san lokacin kai wa jikinsa hari ya yi.

Sai dai na'urar tana da nata rauni. Manhajar ta ƙiyasta iyakar bugun zuciyata da tsohon lissafin nan na cire shekarun mutum daga 220, alhali shi da wanda Hirofumi Tanaka da abokan bincikensa suka fitar a 2001, wato 208 a cire shekaru sau 0.7, duk matsakaici ne na jama'a da yawa, kuma na mutum guda yana iya kauce musu da bugu goma ko fiye. Sai da na gyara lambar da hannuna kafin matakan bugun da manhajar ke nunawa su yi ma'ana. Haka nan a atisaye irin na Tabata, wanda ya samo asali daga binciken Izumi Tabata na ƙasar Japan a 1996, inda ake aikin daƙiƙa 20 a huta 10 har sau takwas, zuciya ba ta cim ma aikin sai an yi nisa, don haka lambar ba ta gaya wa mutum ko ya ba da dukkan ƙarfinsa a zagayen farko.

Babbar damuwata ita ce mazaunin ɗan akwatin, daidai kan ƙashin ƙirji. Wata rana miƙaƙƙen naushin dama ya sauka a kansa, kuma duk da cewa safa mai kauri ta oza 16 abokina ya sa, akwatin ya ɓalle ya faɗi, ya bar mini shaida da ciwon da ya kwana biyar. Tun daga ranar ba na ɗaura ta sai a gwaji mai sauƙi na koyon dabara. Idan aka rungumi juna takan zame zuwa ciki, shi ya sa ba na ganin za ta yi wa ɗan judo ko ɗan kokawa amfani a lokacin kamu. Kuma ba ta san komai ba game da dukan da kai ke sha. Mutum na iya ganin lambobinsa sun yi kyau ya ƙara yawan gwaji mai zafi, alhali ƙwaƙwalwarsa hutu take bukata. Wannan hukuncin na koci ne da likita.

Ɗan damben da ke shirin gasa, wanda ke da kocin da zai zauna su fassara lambobin tare, zai ci moriyar na'urar ƙwarai. Ni kam na yanke shawarar ajiye ta mako biyu kafin karawata mai zuwa, domin ba za a shiga fage da ita ba, kuma ina so in saba gane matakin da zuciyata ta kai daga yanayin numfashina kaɗai.