Helicoil ko Time-Sert: wanne ya fi dacewa da ramin notin da ya cinye a bulok ɗin inji?

Ɗan'uwanmu na Jidda ya ce Camry ɗinsa ƙirar 2005 tana zubar da ruwa ta bayan inji. Da aka zo kwance top silinda, sai aka tarar noti biyu suna juyawa kawai ba sa kamawa. Wani makanike a Sana'iyya, unguwar masu gyaran mota, ya ce a sa Helicoil, mai makhraɗa (shagon sassaƙa ƙarfe da inji) kuma ya ce sai Time-Sert, ga shi kuɗin ba ɗaya ba. Dukansu biyu ƙarfe ne da ake sawa a ramin da ya cinye don noti ya sake kamawa.

Malam, da farko kwantar da hankalinka, ba kai kaɗai ba ne. Injin 2AZ-FE mai lita 2.4 da ke cikin Camry na 2002 zuwa 2006 an san shi da wannan ciwo. Bulok ɗin alminiyon ne, notin kuwa ƙarfe. In inji ya yi zafi sosai, alminiyon ya fi ƙarfe buɗewa, sai notin ya riƙa fisgar zaren ramin, wato layukan da noti ke kamawa, har ya tsinke shi. Duba notin da aka zaro, za ka ga zaren bulok ɗin ya naɗe a jikinsa kamar siririyar waya fara. Zafin Jidda da tsayuwa cikin cunkoso da esi a kunne su ke ƙara wa Borno dawaki.

Helicoil waya ce ta ƙarfen da ba ya tsatsa, naɗaɗɗiya kamar sifirin. A faɗaɗa ramin kaɗan, a yanka sabon zare da taf ɗinta na musamman (ƙarfen yanka zare a cikin rami), a murɗa ta ciki, a karya ɗan harshen da ke ƙasanta, shi ke nan. Ba ta da tsada, ba ta cin nama da yawa a jikin bulok, kuma samun ta ba wuya. Ga ramin notin famfon ruwa, ko na murfin bawul, ko na manifol, ni ba na ko tsayawa tunani, ita nake sawa.

Time-Sert kuwa ɗan bututun ƙarfe ne guda, mai zare ciki da waje, da ɗan leɓe a sama wanda ke zama a gurbin da aka yanka masa, don haka ba ya zurmawa ƙasa. Zaren ƙarshe na cikinsa ba a gama yanka shi ba. Sai abin ɗaurawar ya ratsa ta wurin ya buɗe gindin, ya cije jikin bulok. Abin da ya sa ko an kwance noti sau goma ba ya biyo shi waje ke nan.

To ga inda suka rabu. Notin top silinda na wannan injin M11 x 1.5 ne (kauri milimita 11, tazarar zare milimita 1.5), zarensa kuma can ƙasan rami yake farawa. Helicoil ɗin da aka fi samu a kanti gajere ne, taf ɗinsa ma ba ya isa can. Na Time-Sert da aka yi don wannan aikin tsawonsa milimita 30 ne, kuma kayan suna zuwa da faranti da ake ɗaurewa a fuskar bulok don ya riƙe bakin abin huda a miƙe. Wannan farantin, a ganina, shi ne rabin kuɗin da za ka biya. Na taɓa tsayawa a wani gareji ina kallon yaro yana huda irin ramin nan da hannu, yana auna miƙewa da ido. Da aka ɗora top silinda notin ya ƙi shiga, aka yi ta dukansa. Kamfanin Toyota da kansa Time-Sert ya umarci makanikansa su yi amfani da shi a wannan matsalar.

Kada ka yarda a sa noti mafi kauri, ko a cika ramin da gam, ko a yi walda. Walda tana lanƙwasa fuskar bulok, gam kuma ba zai ɗauki wannan ɗaurin ba.

Saboda haka ni dai Time-Sert zan ce, kuma tunda an riga an buɗe inji a yi duka ramuka goman, don sauran ma zafi ɗaya suka sha. In wani ya taɓa sa Helicoil a ramin ya fita, akwai mai kauri da ake kira Big-Sert. In kuwa bulok ɗin ya tsage, kada ka ɓata kuɗinka, nufi tashlih, inda ake sayar da kayan tsofaffin motoci, ka nemi wani.

Ranar aikin ka tsaya a wurin. A rufe bakin silinda da hanyoyin ruwa da na mai da salatif kafin a fara huda. A busa kowane rami da iska har ya bushe, domin ruwa ko baƙin mai da ya kwanta a ƙasa yana iya fasa bulok idan aka ɗaure noti a kansa. A auna fuskar top silinda a makhraɗa, a sa sabon gasket da sababbin notuna, a ɗaure su bi da bi da sifana mai awo yadda littafin motar ya ce, sannan a ƙara juyin digiri 90. Kafin ka ɗauki hanyar Makka, sa a duba lagireto da fanka, a gano abin da ya sa injin ya yi zafi tun farko.