Mitar dashbod ta fara wasa: a gyara ta ko a sayo ta Ladipo?

Ɗan'uwanmu na Agege ya yi tambaya a kan Corolla ɗinsa ta 2005. Ya ce allurar gudu takan faɗi ƙasa ana cikin tafiya, ta mai ta riƙa rawa, amma da ya ɗan bugi saman dashbod sai komai ya dawo. Rewaya ya ce a buɗe a gyara, bakanike kuma ya ce a je Ladipo, kasuwar kayan mota ta Legas, a sayo tokumbo, wato ta hannu da aka shigo da ita daga waje.

Malam, kafin a taɓa mitar, a tabbatar laifinta ne. A duba fiyus ɗin da aka rubuta wa GAUGE, a duba wayar da ke ɗaure a jikin bodi ko ta yi tsatsa, sannan a auna batir inji na aiki: ya kamata a ga tsakanin bolt 13.5 da 14.5. Altanetar da ke wuce haka tana iya ƙona tsohuwar mita, ta ƙona wadda za ka sayo. Idan allura ɗaya ce kawai ke ƙarya, a fara zargin abin da ke aiko mata da saƙo, wato fulot na cikin tanki ko sansar gudu. Amma allurai biyu su rikice tare, bugu kuma ya dawo da su, wannan alamar dalma ce ta tsage ko soket ya saki.

A nan gyara ya fi. Ƙafafun soket ɗin bayan mita a dalmace suke a jikin allon lantarki, kuma zafin rana da girgizar ramukan hanya suna sa dalmar ta yi wani siririn zobe kewaye da ƙafar, wanda sai da gilashin ƙara girma ake gani. Aikin shi ne a cire kan batir na nagatif da sifana mai lamba 10, a kwance murfin gaba da sukurorin mita, a zare soket, a buɗe bayanta, a sake narka dalmar kowace ƙafa tare da ƙara sabuwa kaɗan. In ƙafafun sun yi kore, abin da danshin Legas ya saba jawowa, a wanke su da feshin wanke lantarki, ba fetur ba. Masu gyaran rediyo da talabijin sun fi yawancin rewaya hannu a wannan aikin, don ƙarfen dalmar rewaya ya yi wa allon girma.

Inda gyara ke ɓaci shi ne allurai. In dole sai an cire su, a yi alamar inda kowace ta kwanta da ɗan tef, a ɗaga ta a miƙe da cokula biyu, kada a murɗa. Allurar zafi da aka mayar a karkace za ta nuna maka lafiya lau alhali ruwa na tafasa, kuma a gosulon gadar Third Mainland ba a sanin haka sai gasket ya tafi. Ribar gyara kuwa, mitar motarka ce, lissafin kilomitarta na nan, ba ruwanka da neman wadda ta dace.

Tokumbo tana da nata wurin. In ruwan damina ya shiga motar har dashbod, ko allon ya yi baƙi yana warin ƙuna, ko wani ya riga ya yayyanka layukansa, kada a ɓata kuɗi. Sai dai kamannin fuska ba shi ne dacewa ba. A tafi da tsohuwar a hannu, a haɗa lambar da ke jikin takardar bayanta; ta Toyota da 83800 take farawa, kuma lambobin da ke biye su ne ke raba mai giyar hannu da otomatik, mai ABS, wato na'urar hana taya ƙamewa in an taka birki, da marar shi. Da yawa daga cikin na Ladipo daga motocin Amurka aka ciro su, manyan lambobinsu mil ne, kuma mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Wanda ya saba da kilomita ya ga allura a kan 70, ya haura 110 bai sani ba.

Lissafin tafiyar mota kuma a cikin wani ɗan guntun cip mai ƙafa takwas yake a jikin mitar, don haka tokumbo da lissafin tsohuwar motarta take zuwa. Masu na'ura suna iya rubuta na gaskiya a kai, ko a ɗauke cip ɗin tsohuwar a dasa in allon iri ɗaya ne. A rubuta abin da tsohuwar ke nunawa kafin a cire ta. Rage lambar don a sayar da mota ha'inci ne, ba shi muke nufi ba.

Masu Golf 4 da Passat na wancan zamani su lura, nasu ya bambanta: a yawancinsu na'urar gane makulli a cikin mitar take, in an canza ba a haɗa makullin da kwamfuta ba, inji zai tashi ya mutu nan take. Corollar ba ta da wannan damuwar, amma saƙon gudu ta cikin mita yake bi zuwa kwamfutar inji, shi ya sa mita mai ciwo kan jawo lambar P0500, wato lambar da kwamfuta ke nunawa ta matsalar sansar gudu, a sayi sansa a banza.

Ga alamun da ka faɗa, a fara da dalma. In ta kama sai an saya, a shiga da motar Ladipo, a jona mitar kafin a biya. A murɗa makulli ba a tayar ba, a ga fitilar inji, ta mai, ta batir da ta jakar iska duk sun kama, don akwai masu cire ƙwan ko su liƙe shi da baƙin tef. Sannan a zaga da ita, wani na riƙe da waya yana gwada gudun da GPS, a kuma sa mai shago ya rubuta kwanakin garanti a jikin rasit.