Qobuz, HDtracks ko Bandcamp: wa za ka ba dalarka?

Ɗan'uwa, na ga tambayarka tun daren jiya. Ka ce kana kiɗan biki nan cikin Katsina, ka gaji da waƙoƙin da masu turi ke zuba maka a memori, waɗanda da ka ɗaga murya sai sifika ta fara tsatsa kamar ana soya gyaɗa. Kana son ka fara sayen waƙa mai cikakken sauti daga shagunan intanet, amma farashinsu ya ba ka tsoro, kuma wani ya ce maka shagunan nan rufewa suke yi. To, wanda ya faɗa maka bai yi ƙarya ba. Ni ma da ke ɗan aikin haɗa sauti a wajen Ƙofar Ƙaura na biya kuɗin koyon wannan karatu, don haka bari in ajiye maka su uku gefe da gefe.

Fara da sanin abin da ake sayar maka. Sautin faifan CD shi ne 16-bit a kan 44.1kHz, wato kilobit 1,411 a daƙiƙa. MP3 mafi kyau yana tsayawa a 320. Abin da shagunan nan ke kira babban sauti kuwa shi ne 24-bit, a kan 96kHz ko 192kHz. Waƙar minti huɗu a MP3 ba ta kai megabait 10 ba. A FLAC, wato fayil ɗin da ke rage nauyi ba tare da ya rage sauti ba, na matakin CD za ta kai wajen 25. A 24/96, wato 24-bit a kan 96kHz, tana iya haura 80, ka ga kundi guda ya doshi gigabait ɗaya. Na taɓa sa wani kundi ya sauka da tsakar dare don in ci arahar data, na wayi gari na tarar ya tsaya a waƙa ta bakwai, data ta ƙare, wutar ma an ɗauke.

HDtracks na Amurka ne, 'yan'uwa biyu David da Norman Chesky suka buɗe shi a 2008, kuma dama masu kamfanin ɗaukar waƙa ne. Shi ne ya saba wa mutane da tsarin farashi hawa-hawa: shekara da shekaru kundi a 24/96 yana kusan dala 18, a 24/192 kusan dala 25. Idan ka ɗauki dala a naira 1,500, na farko ya tashi 27,000, na biyu 37,500. Kundi ɗaya fa. Sannan yawancin kayansa na manyan kamfanonin waƙa ne, masu kafa sharaɗin ƙasar da za a sayar wa, don haka sau da yawa za ka ga abu a kanta amma a ce ba na yankinka ba ne.

Qobuz na Faransa ne, an kafa shi a 2007. Shi yana cin kasuwa biyu: yana sayar da fayil, yana kuma ba da sauraron haya na wata-wata. Yana da wani babban rajista mai suna Sublime, wanda ke ba ka ragin da ke kaiwa kashi 60 cikin 100 a kan sayen babban sauti. Ga wanda ke sayen kundi da yawa a shekara, lissafin yana fita. A wajen tsari da yawan kaya, musamman kiɗan jaz da na gargajiyar Turawa, ni dai ban ga na biyunsa ba. Matsalarmu da shi ɗaya ce, kuma babba: ƙasashe ashirin da 'yan kai yake aiki, Najeriya ba ta ciki. Masu lanƙwasa adireshi su yi rajista da sunan wata ƙasa suna yi, amma ran da aka kulle asusun, ba ka da bakin kai ƙara.

Bandcamp kuwa wata halitta ce daban. Shi ma 2008 aka buɗe shi a Amurka, amma kamar rumfar kasuwa yake: mawaƙi ne ke kasa kayansa, shi ke yanka farashi, wani ma ya ce biya abin da ka ga dama. Shagon yana cire kashi 15 cikin 100 na cinikin fayil, ya sauko zuwa 10 idan mawaƙi ya haura cinikin dala 5,000. Abin da ya fi burge ni shi ne kuɗi ɗaya ka biya, ka zaɓi FLAC ko WAV (fayil ɗin da ba a matse ba) ko MP3, babu ƙarin ko sisi don ka ɗauki mai nauyi. Idan mawaƙin 24-bit ya ɗora, shi za ka samu. Kuma ba ya tambayar daga wace ƙasa kake. Aibinsa shi ne ba za ka sami yawancin taurarin manyan kamfanoni a can ba. Amma ga kiɗan Sahel, na Nijar da Mali da makamantansu, wanda ƙananan kamfanoni ke fitarwa, can ne gidansa.

Me ya sa suke tsada haka? Kar ka ɗauka shagon ne ke lashe kuɗin. Kaso mafi tsoka, wajen kashi 70 a tsarin da aka saba, na masu haƙƙin waƙa ne. Daga ragowar ne shago zai biya ma'aikata, kuɗin ajiyar manyan fayiloli da na kamfanonin kati. Masu saye kuma ba su da yawa, to dole a ɗora wa kowane kai nauyi. A Amurka, wadda ita ce babbar kasuwar waƙa, sauraron haya ya kwashe kashi 84 cikin 100 na kuɗin shiga a 2023, saukewa kuwa bai wuce kashi 3 ba. Sai kuma 2021 ta zo ta ƙara musu gishiri a ciwo: Apple Music ya buɗe cikakken sauti har 24/192 ba tare da ƙarin kuɗi ba, Amazon shi ma ya cire ƙarin da yake karɓa. Abin da kake sayarwa dala 25 kundi ɗaya, maƙwabcinka ya zuba shi kyauta a kan kuɗin wata. Ina ciniki?

Shi ya sa idan ka bi tarihinsu za ka ga kusan kowa ya taɓa jin jiki. Qobuz ya shiga hannun kotu saboda matsin kuɗi a 2015, kamfanin Xandrie ya saye shi a ƙarshen shekarar, daga nan ya farfaɗo har ya shiga Amurka a 2019, Japan a 2024. Bandcamp ya sauya iyayengiji sau biyu cikin wata goma sha tara: Epic Games, masu wasannin kwamfuta, suka saye shi a Maris 2022, suka sayar wa kamfanin waƙa Songtradr a ƙarshen 2023, aka sallami kusan rabin ma'aikata. Shi wannan Songtradr ɗin a shekarar ya haɗiye 7digital na Ingila. Pono, wanda mawaƙi Neil Young ya tara wa sama da dala miliyan 6 daga jama'a a 2014, da na'urarsa ta dala 399, shagonsa ya rufe a 2016 da sunan na ɗan lokaci ne, bai sake buɗewa ba. Kamfanin MQA, mai wani salon fayil da aka yi ta kururutawa, ya durƙushe a Afrilu 2023, Lenbrook na Kanada ya kwashi kayansa, Tidal mai ba da sauraron haya kuma ya watsar da salon a 2024 ya koma FLAC. HDtracks da ya ginu a kan saukewa zalla, shi ma a 2024 aka sanar zai haɗa kai da Lenbrook ɗin don shiga sauraron haya. In kiɗa ya sauya, ka san sauran.

Amma ka lura da wani abu, domin nan ne amsar tsoronka take. Fayil ɗin FLAC da ka saya daga waɗannan ukun ba shi da makulli. Da ya sauka, ya zama naka; ko shagon ya rufe gobe, waƙarka za ta yi ta kaɗawa. Abin da ke mutuwa tare da shago shi ne damar sake saukewa, da duk kuɗin da ka bari a asusu, da ragowar rajistar shekara da ka biya gaba ɗaya. Saboda haka kar ka mai da shago rumbunka. Ran da ka saya, ranar ka sauke, ka kwafa wuri biyu, ɗaya a kwamfuta, ɗaya a faifan ajiya da ba ya zuwa wajen biki. Na san wanda kwamfutarsa ta sha lemo a wajen kamu, ya koma shagon da ya saya ya tarar an cire kundin daga kanta saboda yarjejeniya ta ƙare. Sauraron haya kuwa zanen aro ne, ba ya rufe katara, balle a filin biki a bayan gari inda sabis ke zuwa yana tafiya.

Yanzu batun ko 24/192 ya cancanci kuɗinsa a wajenka. A'a. Kunnen ɗan Adam yana tsayawa a wajen 20kHz, matakin CD kuma ya riga ya rufe wannan. Mun gwada a ɗakin aikina, ni da yara biyu masu koyon aiki: waƙa ɗaya, 16-bit da 24-bit, ƙofa a rufe, fanka a kashe, ɗaya yana sauyawa ba tare da mun gani ba. Canki-canki muka yi ta yi. To ina ga filin biki, janareta na ruri a gefe, mata na guɗa, sifikun sun sha ƙurar hanyar Daura? Idan ma ta Bluetooth kake haɗawa, shi da kansa yana matse sautin kafin ya isa. Tazarar da za ka ji da kunnenka tana tsakanin MP3 ɗin masu turi, wanda aka matse aka sake matsewa ya bi ta WhatsApp sau biyar, da FLAC na matakin CD. Kuma ka yi hattara da kallon kitse a rogo: tsohuwar waƙar kalangu da aka ɗauka a kaset, ko an zuba ta a 24/192, sautin kaset ɗin ne dai, fayil ɗin kawai ya yi ƙiba.

Da ni ne kai, Bandcamp zan fara leƙawa, in sayi kundi ɗaya mai araha in ga ko katina zai wuce, tunda bankunanmu sun rufe sayayyar waje da katin naira a 2022, sai a 2025 wasu suka sake buɗewa da iyaka. HDtracks sai in akwai wani kundi takamaimai da ba shi a ko'ina, kuma in ɗauki mataki mafi ƙasa. Qobuz ka bar shi sai ran da ya iso. Waƙoƙin Hausa na zamani da su ne rabin aikinka kuwa, da wuya ka same su a ɗaya daga cikin ukun. Waɗannan ka nemi mawaƙin ko situdiyon da ya haɗa, ka biya su a ba ka WAV na asali, ka tafi da filashinka.